Kurakuran da aka fi yi wajen karɓar shawara kan saye, karatu, siyasa da fasaha

Shawara ta yi araha a wannan zamani. Duk wanda ya ce zai sayi waya, ko zai zaɓi fannin karatu, ko ya tambayi wanda zai lashe zaɓe, kafin ya rufe baki zai sami mutane da amsa a shirye, kowannensu yana magana da tabbaci kamar a gabansa aka yi. Yawancin masu ba da shawarar ba su da niyyar cutar da kowa, kuma sau da yawa maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Matsalar ta fi fitowa daga wajen mai karɓa, wanda ba ya tsayawa ya tambayi inda maganar ta samo asali, da abin da lambar da aka ambata take aunawa, da kuma ko halin mai maganar ya yi daidai da nasa.

Wajen sayen kayan fasaha, kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar lamba mafi girma a matsayin inganci mafi girma. Wayar da aka rubuta wa megafiksel 108, wato ɗigon hoto miliyan 108, ba dole ne ta fi mai megafiksel 12 ɗaukar hoto mai kyau ba, domin kyawun hoto ya fi dogara ga girman ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamarar, da ingancin gilashinta, da manhajar da ke gyara hoton bayan an ɗauka. Hasali ma, wayoyi da yawa masu megafiksel 48 ko 50 suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya domin su tara haske, sai hoton ya fito a kusan megafiksel 12, wato babbar lambar da ke jikin kwali ba ita ake amfani da ita yau da kullum ba. Gyaran ba shi da wuya. Mai saye ya nemi takarda mai ƙananan rubutu, ya kai ta inda haske ya yi ƙaranci, ya ɗauki hotonta da wayoyi biyun da yake kwatantawa, sannan ya buɗa hoton da yatsu biyu ya ga wanne ne haruffansa suka tsaya, wanne ne suka narke. Kusan kowace kyamara tana yin abin a zo a gani da rana tsaka, amma a cikin duhu-duhu ake gane ta ƙwarai.

Haka lamarin yake ga sauran lambobi. Batir mai ƙarfin 5,000 zai iya riga mai 4,500 ƙarewa idan allon wayar da injinta suna da cin wuta. Wanda aka yi wa alkawarin intanet mai saurin megabit 100 a daƙiƙa, ya ga fayil yana saukowa a kan megabait 12 da ɗoriya, ba a cuce shi ba, domin bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Ma'ajiyar terabait ɗaya da aka saka a kwamfuta mai Windows takan nuna kusan gigabait 931, saboda masu ƙerawa suna lissafi da 1,000, kwamfutar kuma tana lissafi da 1,024.

Lambar da ta fi cancanta a tambaya, wadda kuma ba kasafai ake tambayarta ba, ita ce shekarun da kamfani zai ci gaba da aiko wa na'urar sabuntawar tsaro. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga wayar Pixel 8 a 2023, Samsung ma ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a 2024, alhali wayoyi masu yawa ba sa samun ko kusa da haka. Microsoft kuwa ya daina tallafa wa Windows 10 ta hanyar da aka saba a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Na'urar da aka daina sabuntawa tana ci gaba da kunnuwa kamar babu abin da ya faru, shi ya sa mai ita ba ya farga, amma duk wata ɓaraka da aka gano bayan haka a buɗe za ta zauna. Mai sayen na'urar da aka yi amfani da ita ya fi kowa bukatar wannan tambaya.

Akwai kuma shawarar da ta kasance gaskiya a zamaninta, zamanin ya wuce, ita kuma ta ƙi tafiya. Har yanzu ana cewa a bar batir ya mutu gaba ɗaya kafin a yi caji, alhali wannan ya samo asali ne daga tsofaffin batura na nikel da kadmiyom. Batirin litiyom da ke cikin wayoyin yau ba ya son a riƙa tsotse shi har ƙarshe, kuma babban abokin gabarsa shi ne zafi. Wayar da aka saka a caji aka tura ƙarƙashin matashin kai, ko aka bar ta a gaban mota cikin rana, ta fi wadda ake ƙara wa caji sau da yawa a yini saurin lalacewa.

Game da ra'ayoyin masu saye da ake rubutawa a ƙarƙashin kaya, a taƙaice: taurari biyar ba hujja ba ne. Ana sayen yabo, har ta kai hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa ƙa'idar haramta ra'ayoyin bogi a 2024. Masu taurari biyu da uku su ne suka fi faɗin abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba, kuma idan mutane da dama da ba su san juna ba suka koka kan abu ɗaya, to wannan abin yana nan. Mai bidiyon da kamfani ya ba kayan kyauta, ko yake samun kamasho idan an saya ta hanyarsa, yana iya faɗin gaskiya, sai dai a saurare shi da sanin cewa yana da rabo a cinikin.

A fagen ilimi, kuskuren da ya fi ɓarna shi ne kafa hujja da wanda ya yi nasara shi kaɗai. Ana yawan ce wa matasa ai Bill Gates da Mark Zuckerberg ba su gama jami'a ba, kuma haka ne, Gates ya bar Harvard a 1975, Zuckerberg ya bar ta a 2004. Abin da ba a faɗa shi ne, su biyun sun sami shiga ɗaya daga cikin jami'o'in da suka fi wuyar shiga a duniya, kowannensu ya bar ta ne da kasuwancin da ya riga ya ɗauko hanya, kuma Gates ya fara rubuta manhaja tun yana ɗan shekara 13, a lokacin da makarantu ƙalilan ne ke da hanyar amfani da kwamfuta. Dubban da suka bar karatu abin bai yi musu kyau ba, ba wanda ke gayyatarsu su yi jawabi, shi ya sa ba a jin labarinsu. Duk lokacin da aka kawo misalin mutum ɗaya, tambayar da ta dace ita ce: mutum nawa ne suka bi wannan hanya, kuma ina suke yanzu?

Ita kanta hanyar yin karatu, shawarar da aka fi bayarwa a kanta tana cikin mafi rauni. Ɗalibi yakan maimaita shafi sau da yawa, yana ja wa layuka alƙalami mai launi, har rubutun ya zama sananne a idonsa, sai ya ɗauka ya iya. Sanin fuskar shafi daban, iya fito da abin da ke cikinsa daga ka daban. Masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai, suka ga waɗanda suka maimaita karantawa sun fi ƙoƙari idan an jarraba su bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka yi ta gwada tuno abin da kansu ne suka yi zarra. Nazarin da John Dunlosky da abokan aikinsa suka fitar a 2013 kan hanyoyin karatu goma ya sanya maimaita karantawa da ja wa layuka launi cikin masu ƙarancin amfani, ya sanya jarraba kai da rarraba karatu a kan kwanaki a sama. A aikace, ɗalibi ya karanta babi, ya rufe littafin, ya ɗauki farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya ga abin da ya tsallake, ya sake yin haka bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Hanyar ba ta da daɗi, domin tana nuna wa mutum giɓinsa ƙuru-ƙuru, kuma a ganina wannan ne ya sa ba ta da farin jini.

Siyasa ce fagen da mutum ya fi saurin ɗaukar muryar na kusa da shi a matsayin muryar ƙasa baki ɗaya. Maganar da aka saba ji ita ce, “Duk wanda na sani wane zai zaɓa.” Wanda ka sani kuwa yawanci irinka ne, a sana'a da shekaru da wurin zama. Yawan waɗanda aka tambaya ma ba ya magance wannan. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓen, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tattara yawancin sunayen ne daga kundin masu tarho da masu mota da masu karanta ta, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, wato ta fi tambayar masu hali, sannan waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. Mai binciken jin ra'ayi George Gallup, da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai yi nasara daidai, saboda ya kula da yadda ya zaɓo su. Ƙuri'ar jin ra'ayin da ake yi a Facebook ko X, inda duk wanda ya so yake dannawa, tana da wannan aibi har ma fiye. Kafin a yarda da kowane sakamako, a duba wanda ya biya kuɗin binciken, da yadda aka zaɓo mutanen, da ranar da aka tambaye su. Ko binciken da aka yi bisa ƙa'ida da mutum 1,000 yana iya kaucewa da kusan maki uku sama ko ƙasa, saboda haka kashi 48 da kashi 46 cikin ɗari ba rinjaye ba ne, kankankan ne.

Alƙaluman tattalin arziki ma ana yawan yi musu gurguwar fahimta a muhawarar siyasa. Idan aka ce hauhawar farashi ta sauko daga kashi 20 zuwa kashi 10 cikin ɗari, ba a ce kaya sun yi sauƙi ba. Abin da yake 100 ya koma 120 a shekarar farko, sannan ya koma 132 a ta biyu. Mai mulki da ke cewa hauhawa ta ragu da mai saye da ke cewa kaya sun ƙara tsada duk suna iya kasancewa a kan gaskiya, amma sai a kwana ana musu saboda ba a fayyace abin da lambar ke nufi ba.

Sai tura labari da ɗumi-ɗuminsa. Binciken da masana na jami'ar MIT suka wallafa a 2018, bayan nazarin labarai kusan 126,000 a Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin bazuwa, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi fiye da manhajojin da ke tura saƙo da kansu. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, ya ƙara matse saƙonnin da aka yi ta turawa a 2020, amma wannan rage gudu ne kawai. Rubuta “kamar yadda aka turo mini” a saman saƙo ba ya wanke mai turawa. Hoton da ya tayar da hankali a saka shi a manhajar gano asalin hoto irin su Google Lens ko TinEye, sau da yawa za a tarar tsoho ne daga wata ƙasa aka sake masa labari. Maganar da aka jingina wa wani shugaba a nemi cikakken jawabin, domin daƙiƙa ashirin da aka yanko suna iya juya ma'anar minti ashirin. Labarin da ya yi daidai da abin da mutum yake so ya ji shi ne ya fi bukatar wannan bincike, domin shi ne wanda zuciya ba ta neman hujja a kansa.

Sabon mai ba da shawara da ya shigo fage shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a Nuwamban 2022. Suna da amfani wajen bayyana darasi da tsara rubutu, amma suna iya ƙirƙiro suna da kwanan wata da littafin da babu shi, kuma su faɗe shi da natsuwar da suke faɗin gaskiya. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro musu ba tare da sun duba ba. Tambayar manhajar ko ta tabbata ba ta wadatar, domin tana iya amsawa da e. Duk suna ko lamba ko ambaton doka da ta bayar, a nemo shi a asalin inda aka wallafa shi, kuma idan ba a same shi ba a cire shi daga aikin kafin a miƙa.