Zama lafiya da maƙwabta idan kun je aikin ginin mishan a wata ƙasa

Kafin ku sauke buhun siminti ko ɗaya, ku fara da gaisuwa. Ku sa faston wurin ya raka ku gida-gida, ku gai da dattawa, ku faɗa musu me za ku gina da kuma yaushe za ku gama. Ku koyi sannu da na gode da yarensu, ko da bakinku bai iya ba za su ji daɗi sosai.

Maganar ruwa ita ce ta fi damuna gaskiya, domin gini na shan ruwa ba kaɗan ba, bayan kwaɓa siminti sai an yi ta yi wa kankare ban-ruwa wajen kwana 7, to idan rijiya ko famfo ɗaya kuke ɗiba da mutanen unguwa kuna iya barin mata da yara ba na girki. Ku tambayi lokacin da suke ɗiba ku bar musu, ko ku sayi naku a tanka.

Kar a zuba yashi da bulo a hanyar mutane. Janareta kuma a kashe shi da dare da lokacin ibadarsu, musamman in ba Kirista ba ne.

Ku ɗauki magina da leburori 'yan garin aiki, ku biya su yadda aka saba biya. Hoto, sai an nemi izini, balle na yara. Kyauta kuma ku miƙa ta hannun shugabannin coci, don in ka ba gida ɗaya ka tsallake na kusa, faston ne zai sha ƙorafi bayan kun tafi. Kuma don Allah kar ku yi alƙawarin dawowa in ba ku da tabbas.