Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sake fasalin amfilifayar jita mai bawul

Duk sabon shiga da ya buɗe amfilifayar jita mai bawul (kwalbar gilashin da ke haɓaka sauti) da niyyar gyara mata murya, buƙatarsa ɗaya ce: a ƙara gurnani, wato kaushin da sauti ke yi in an matsa wa bawul ya wuce iyakarsa. Ya ji sautin amfilifayoyi irin su Soldano SLO-100 ko Peavey 5150, sai ya ɗauka sirrin shi ne jera bawul kan bawul. Na gaji da karɓar amfilifayoyin da aka yi wa wannan aika-aika, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kafin komai, wutar da ke cikin akwatin nan tana kisa. Manyan kafasitocin tace wuta suna riƙe 450V zuwa 500V, kuma zare filogi ba ya sauke su. Ka sauke su ta rizista, ka sa mita ka gani da idonka, sannan ka kai hannu. Ni ina barin rizista 220k mai wat 2 a kansu dindindin. In za ka yi awo da wuta a kunne, hannu ɗaya a ciki, ɗayan a aljihu.

Babban kuskure shi ne ƙara matakan haɓaka sauti ba tare da an zubar da komai ba. Rabin bawul 12AX7, wato mataki ɗaya, da rizista 100k a filet (inda sigina ke fita) da kafasita a katod (sashen da ke sakin wuta a cikin bawul), yana ninka sigina kusan sau 60. Jera huɗu irinsa, lissafi ya kai kusan miliyan 13. Babu bawul da zai iya fitar da wannan, don wutar da ke filet ɗinsa ba ta wuce ɗari biyu da wani abu ba. Abin da yake faruwa shi ne girid ɗin mataki na gaba, wato inda sigina ke shiga bawul, yana fara jan wuta, kafasitar da ke haɗa matakan biyu ta cika, bawul ya shaƙe na ɗan lokaci kafin ya farfaɗo. Ka bugi igiya mai kauri, sauti ya ɗauke, ya dawo a dagule kamar kunu. Sai mai gyara ya ce bawul ne ya mutu, ya sayo sabo, matsala tana nan daram.

Dubi amfilifayoyin da ake kwaikwayo. A Marshall 2203, wadda aka fi sani da JCM800 tun 1981, mataki na biyu yana da rizista 10k a katod, ba kafasita. Da gangan aka karya masa ƙarfi don ya datse gefe ɗaya na sigina. Soldano ya kai nasa 39k a SLO-100 ta 1987. Tsakanin matakai kuma akwai rizistoci 470k da ke zubar da kaso mai yawa na sigina zuwa ƙasa. Masu zanen nan sun ɓata lokaci a kan abin da za a rage fiye da abin da za a ƙara, kai kuma ka zo ka cire masu ragewar kana murna.

Abin da ya fi cancanta a zubar da wuri shi ne sauti mai kauri. Igiya mafi kauri a jita tana kaɗawa a 82Hz. Kafasita 0.022µF da ke fuskantar 1M tana barin komai ya wuce tun daga 7Hz, wato har abin da jita ba ta fitarwa. A amfilifaya mai sauti garau wannan ba laifi ba ne. A mai gurnani kuwa shi ne tushen dagulewa. Al'adata ita ce in mayar da kafasitar da ke bayan mataki na farko 0.0022µF, in cire 22µF ɗin katod in sa 0.68µF ko 1µF. Wasu za su ce na cika yanka, sautina ya yi siriri. Na ji. Amma kaurin da aka yanke a gaba ana iya dawo da shi a baya, bayan an gama datse sigina, a wajen maɓallan daidaita murya ko a sashen ƙarshe. Kaurin da ya riga ya dagule kuwa babu maɓallin da zai tsabtace shi.

Kada a manta da rizistar bakin girid. Tana rage jan wutar da na ambata, tana kuma haɗuwa da ƙarfin riƙon wuta irin na kafasita da ke cikin bawul ɗin, wanda ya kai kusan 100pF, ta aske tsinin sauti. Da 470k askin yana farawa wajen 3kHz da ɗoriya. A jikin ƙafar soket ake manna ta da dalma. In ka kai ta can kan allo ka jawo doguwar waya, ka yi aikin banza.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa cin aljihuna, kuma har yau in na gan shi raina ɓaci yake. Mutane suna ɗauka in zane ya yi daidai a takarda, an gama. Wayoyi kuma a jefa su ko ta ina. Kowane mataki yana juya sigina, saboda haka filet ɗin mataki na biyu da girid ɗin mataki na farko tafiyarsu ɗaya. Ka kwantar da wayoyinsu kusa da juna, amfilifaya ta fara ciyar da kanta. In ka yi sa'a za ta yi kururuwa ka kashe. In ba ka yi sa'a ba, kururuwar tana sama da inda kunne ke ji, bawul ɗin ƙarshe suna aiki iya ƙarfinsu, kai kana tsaye ba ka jin komai.

Wani makaɗin jita ya kawo min tasa mai wat 50 da bawul ɗin ƙarshe EL34 guda biyu, na ƙara mata mataki. Wayar filet ta sabon matakin ta ratsa gefen wayar shigar sigina, tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Alamu duk sun bayyana. In na murɗa maɓallin gurnani ya wuce rabi, sai sauti ya yi ƙasa ya shaƙe maimakon ya ƙaru. In na kai hannu kusa da bawul na farko, huci ya sauya. Taransifomar sifika ta yi zafi alhali ba a kaɗa komai. Na ce zafin gari ne, na ba shi kayansa. A wurin biki ta yi hayaƙi. Irin wannan taransifoma ba a samunta a kasuwar kayan rediyo, mai naɗin waya kuma in ya naɗa maka irin ta wuta sauti ba zai dawo ba, domin naɗinta hawa-hawa ne a sarƙe. Daga waje aka yo odarta, ni na biya, mutumin kuma ya rasa ayyukan da ya riga ya karɓa.

To ku ji. Wayar da ke zuwa girid na farko da na biyu ta zama mai sulke, a haɗa sulken da ƙasa ta gefe ɗaya kawai. Wayar girid gajera, wayar filet ta kwanta a jikin ƙarfe. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Ka ɗauki tsinken katako, ka kunna amfilifaya, ka riƙa tura wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wanda yake da osiloskof, na'urar da ke zana sigina a fuskarta, ya sa shi a fitar sifika ya murɗa kowane maɓalli har ƙarshe ba tare da jita ba. Layi ya kamata ya gani miƙaƙƙe da ɗan gashi. Ya ga ya kumbura, kada kayan su bar teburinsa. Kuma wallahi na rasa gane mutumin da zai kashe kuɗi a kan tsofaffin bawul na kamfanin Mullard amma ya ƙi aron osiloskof na yini ɗaya.

A kan taransifomar nan dai: kada a taɓa tura sigina babu sifika a jone. Wutar da ta rasa inda za ta je tana tsalle ta huda naɗin. In ba ka son damun maƙwabta, nemi rizista mai om 8 da wat 100 ka jona a madadinta.

Sauran ƙanana ne, amma suna nan kullum. Ana canza bawul ɗin ƙarshe daga 6L6 zuwa EL34 a manta hitar EL34, wato zaren da ke ɗumama katod, tana jan 1.5A, ta 6L6 kuwa 0.9A, taransifomar wuta ta yi ta dahuwa. A manta kuma ƙafa ta 1 a EL34 dole a haɗa ta da ta 8, alhali a tsofaffin amfilifayoyin Fender an mayar da ƙafar nan ta soket wurin rataye rizista. Ana sa sababbin bawul ba a daidaita bayas ba, wato yawan wutar da bawul ke ja in ba a kaɗa komai. EL34 wat 25 take ɗauka, ni ba na wuce kashi 70 cikin 100, wato kusan 39mA a kan 450V, kuma a lokacin bazara ina yin ƙasa da haka. In ka sauya taransifomar sifika ta fashe da ihu da kunnawa, juya wayoyin filet guda biyun, ba wani abu ya ƙone ba.

Gunji kuma a saurare shi kafin a fara cire kaya. A wutarmu mai 50Hz, gunji mai zurfi yawanci daga wayoyin hita yake, mai ɗan kaifi na 100Hz kuma daga tace wuta ko haɗin ƙasa. Wayoyin hita a murɗe su tam, a bi da su ta kusurwa. Ni ina ɗora tsakiyarsu a kan kusan 50V na wuta tsayayya, yana rage gunji yana kuma sassauta wa bawul ɗin da katod ɗinsa ke zaune a sama. Haɗin ƙasa na mataki na farko ya tafi wajen jakin shigar jita, kada ya raba hanya da kafasitar farko ta wuta.

Amfilifayar da ta fito daga Amurka 120V take ci, tamu 230V ce, sai da taransifomar saukewa mai isasshen ƙarfi. Kuma bayas ɗin da ka daidaita a kan wutar shago zai kauce in aka kai ta kan janareton da wutarsa ke hawa da sauka, don haka ka tambayi mai ita inda yake kaɗawa.

Sai masu canza abu biyar a zama ɗaya, sauti ya lalace su rasa wanne ne. Canza ɗaya, kunna, kaɗa da ƙarfin da za a yi amfani da ita a fili, rubuta tsohuwar ƙima da sabuwa a takarda ka manna a cikin akwatin, domin wanda zai buɗe ta bayanka ya san abin da aka taɓa.