Kurakuran da muke yawan yi wajen tura wa juna kiɗan kilasika da kwatanta shi

Kwanaki wani abokina ya turo min fayil a WhatsApp, sunan da ke jiki kawai "Beethoven 5", ya ce wai in saurara in gaya masa ko akwai wanda ya kai wannan. Na ce masa to na waye? Ya ce na Beethoven mana. Ai nan ne matsalar take, kuma kusan duk sauran kurakuran daga nan suke tasowa. Beethoven ya rasu tun 1827, babu na'urar ɗaukar sauti a zamaninsa, abin da ya bari rubutu ne a takarda, duk abin da kake ji yau wasu ne suka ɗauki takardar suka kaɗa, kuma kowa da irin hannunsa. Wanda ya saba jin Bakandamiyar Shata ya san wannan, ɗaukar wannan wuri daban ta wancan wuri daban, duk da waƙa ɗaya ce, to bare a nan da makaɗan ma ba ɗaya ba ne.

Saboda haka in za ka tura, don Allah rubuta suna cikakke: mawallafin kiɗan, lambar aikin, madugun da ya jagoranci makaɗan, ƙungiyar makaɗan, da shekarar da aka ɗauka. Misali Beethoven, simfoni (wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) na 5, lambar aiki Op. 67, Carlos Kleiber da Vienna Philharmonic, 1974. Shekarar nan kar ka raina ta fa. Herbert von Karajan shi kaɗai sau huɗu ya ɗauki simfonin Beethoven tara ɗin nan a situdiyo, na farko da Philharmonia ta Landan a shekarun 1950, sauran ukun da makaɗan Berlin a farkon shekarun 1960 da tsakiyar shekarun 1970 da kuma shekarun 1980, kaga in ka ce "na Karajan" kawai ba ka ce komai ba, sai mutum biyu su yini suna musu alhali ba abu ɗaya suka saurara ba. Sannan a lura da shekarar da Spotify ko YouTube ke nunawa, sau da yawa shekarar da aka sake fitar da faifan ce, ba ta ɗauka ba. Kamfani ya tsaftace tsohon sauti ya canza bango, kai kuma ka ɗauka sabon aiki ne.

Wanda ya fi ci min rai shi ne hukunci da agogo. Mutum ya duba minti ya ga wannan ya fi wancan tsawo sai ya ce ai wannan jan ƙafa yake yi. Ku ɗauki Glenn Gould, ɗan Kanada mai fiyano, da kiɗan Goldberg Variations na mawallafi Bach, mai lamba BWV 988. Ya ɗauka a 1955 yana ɗan shekara 22, wajen minti 38, ya sake ɗauka a 1981 shekara guda kafin rasuwarsa, wajen minti 51. Gaskiya ne na biyun ya fi natsuwa, ariyar farko ma, wato ɗan kiɗan da ake buɗe aikin da shi, kamar mai tafiya yana tunani, amma ba duka bambancin ne daga saurin hannu ba, a takardar akwai alamar a maimaita kowane sashe, a 1955 bai maimaita ba, a 1981 ya maimaita wasu. To kafin ka ce wane ya fi wane gudu, duba ko sun yi maimaici iri ɗaya, in ba haka ba ka ɗauki gaɓa guda ta minti biyu ka ji ta a nan ka ji ta a can. Ni dai na 1981 nake komawa in dare ya yi, har da ɗan gunagunin da yake yi da baki yana kaɗawa, wanda wasu ke ɗauka fayil ne ya lalace, a'a muryarsa ce, haka yake kiɗansa.

Akwai kuma maganar ƙara. Kunne yana da son zuciya, duk wanda ya ɗan fi ƙarfi sai ka ji kamar ya fi daɗi da cika. Faifai biyu da wuya su zo da ƙarfi ɗaya, saboda haka daidaita su da hannu tukuna, kuma da iyafis ɗaya ko sifika ɗaya, ba wai ka ji wannan a mota kana cikin go-silo wancan kuma a ɗaki da tsakar dare ba. Kiɗan nan yana sauka ƙasa ƙasa kamar raɗa sannan ya tashi gaba ɗaya, in janareto na kuka a bayan taga rabin aikin bai ma iso kunnenka ba.

Wajen turawa kuwa, mafi muni shi ne a kunna a sifika a danna saƙon murya a ɗauka. Saƙon murya don magana aka yi shi, yana matse sauti, goge ya koma kamar ƙarar sauro. Tura adireshin wurin da ka saurara, shi ya fi sauƙi kuma ya fi tsafta ta fuskar haƙƙi, don rubutun Bach wanda ya rasu a 1750 ya zama na kowa amma ɗaukar da aka yi bara tana da masu ita. In fayil ɗinka ne da kake da ikon rabawa, tura shi a matsayin dokumen. Kuma kar ka wahalar da kanka kana juya MP3, fayil mai matsattsen sauti, zuwa FLAC, wanda ba ya yanke komai, abin da aka yanke ya tafi ba ya dawowa, sai dai ka cinye wa ɗan'uwanka data a banza, awa guda a MP3 mai kilobit 128 a sakan bai kai megabait 60 ba, a FLAC kuwa yana iya kai 300.

Sai masu tura kashi guda su ce ga simfoni. Yawanci kashi huɗu ne, kuma a na 5 ɗin nan kashi na uku yana zarcewa cikin na huɗu babu tsayawa, in wayarka tana kan zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi ta tsallaka da kai wani wuri, wallahi an raba ka da wurin da ya fi ko'ina daɗi. Sa lamba a gaban sunan kowane kashi, 01, 02, haka.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga, su ji Bach ko Vivaldi a wani faifai sautin ya ɗan yi ƙasa sai su ce an rage gudun fayil. Ba haka ba ne, yawancin makaɗan yau suna ɗaure kayansu ne da sautin da ake kira A a kusa da hertz 440, wato ma'aunin tsayin sauti, masu amfani da kayan kiɗa irin na zamanin da kuma da yawansu a 415 suke ɗaurewa, kusan rabin mataki ke nan ƙasa, da gangan ne.

Tsofaffin ɗauka kuma a daina yar da su saboda shiiii ɗin da ke bayansu. Sitiriyo, wato sauti mai ɓangaren hagu da dama, bai shigo kasuwar faifai sosai ba sai wajen 1958, duk abin da ya gabaci haka galibi mono ne, mai ɓangare ɗaya. Pablo Casals ya ɗauki kiɗan cello (babban goge) na Bach guda shida tsakanin 1936 da 1939, Wilhelm Furtwängler kuma yana da simfonin Beethoven na 9 da aka ɗauka a garin Bayreuth a 1951, har za ka ji mutanen zaure suna tari a ciki. In za ka tura wa wanda bai saba ba, ka gaya masa tun farko cewa tsoho ne, ya ba kunnensa minti biyar ya saba da ƙurar, sannan ka rubuta masa daidai minti da sakan ɗin da kake so ya lura da shi, da abin da kai ka ji a wurin, ko shigowar ganguna ce ko yadda aka ja numfashi kafin mawaƙa su ɗauka, don shi ma ya san inda zai sa kunne ya ba ka amsa.