Kurakuran da ke sa mai gaskiya ya rasa kuɗinsa a kotun ƙananan basussuka

Tun da Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano kuma ta bi sahu a 2019, ɗan kasuwa zai iya kai ƙarar wanda ya riƙe masa kuɗi gaban majistare da kansa, ba sai da lauya ba, kuma ƙa'idar ita ce a gama shari'ar cikin kwana 60. Duk da wannan sauƙi, na gaji da ganin mutane masu gaskiya suna fitowa hannu Rabbana, kuma kurakuran iri ɗaya ne kullum.

Babbansu shi ne ba da bashi ba rubutu. Kunya ce ke kashe mu. Mutum ya zo rumfarka ya ce, "Haba Alhaji, ni da kai har sai an rubuta?" sai ka mayar da biro aljihu. Wannan ya taɓa cina: wani da muke sallah a sahu ɗaya ya ɗauki atamfa a hannuna, ranar shari'a ya tsaya ya ce ya biya rabi kuɗi hannu. Babu rasit, babu shaida, sai bakina da bakinsa. Abin da ya amsa da kansa kaɗai alƙali ya ba ni, sauran ya bi ruwa. Ban ga laifin alƙali ba, don ba ya sanin gaibu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, to wace kunya ce ta fi wannan? Yanzu ko ɗan'uwana ne sai ya sa hannu a littafi. In ta waya aka yi cinikin, ina tura masa saƙo a WhatsApp: kaya kaza, kuɗi kaza, biya ran kaza, kuma kaya ba sa fita sai ya amsa da "haka ne". Kada ka goge saƙon, kada ka sayar da wayar. In za ka buga shi a takarda ka miƙa wa kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro shi. Ka tambayi rajistara tun kafin ranar zama.

Na biyu, kai wanda kake bi bashi caji ofis. Wallahi ku daina! Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Ka kashe kuɗin mai, a tsare shi kwana guda, a ba da belinsa, gobe ya maka ka a babbar kotu kan tauye masa haƙƙi. Kai da kake bin bashi ka koma mai biyan diyya.

Akwai ƙananan da ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka tsallake takardar neman biya. Sai ka aika masa ita tukuna kafin kotu ta karɓi ƙararka, ka kuma ajiye kwafi. Ka rubuta cikakken sunansa, ba laƙabin kasuwa ba, in kamfani ne ka duba sunan da ya yi rajista da shi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka ba da adireshi na gaske, ka raka ma'aikacin kotu ya miƙa sammaci, don in sammaci bai isa ba shari'a ba ta motsi. Ka nemi ainihin kuɗinka, ban da ƙarin "ɓata mini lokaci" da ba a cikin yarjejeniya. Kotun tana da iyaka, a Legas da naira miliyan 5 aka fara, sai ka tambayi ta jiharka. Ranar zama ka zo da wuri da shaidunka. Rashin zuwanka na iya sa a kori ƙarar.

Sai wanda ke ba ni haushi ƙwarai: a yanke hukunci, mutum ya tafi gida yana jiran alat. Hukunci takarda ce, kuma wanda ya ƙi biya shekara guda ba zai biya don an buga hatimi ba. In wa'adin ya cika bai kawo ba, kai ne za ka koma ka nemi a zartar, ko dai a kama kayansa a yi gwanjonsu, ko kotu ta umarci bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa. Shi ya sa tun ranar ciniki nake lura da bankin da yake turo kuɗi daga ciki, da inda sitonsa yake. In ya roƙi a raba masa biyan kashi-kashi, ina yarda, amma a gaban alƙali, a rubuta ranaku da adadi a cikin hukuncin.