Kurakuran da ake yi wajen duba haƙoran tsohon kan sarki

Jama'a masu tono tsofaffin kan sarki daga adakar kakanni, dan Allah mu riƙa bi a hankali. Nan Kaduna gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe da na gwamnatin Arewa cike suke da ambulan na da, kuma da mutum ya ga kan sarki guda ɗaya haƙoransa, wato tsinin da hujin gefensa ya bari, sun karkace sai ya fara lissafin miliyoyi. Galibi ba haka abin yake ba.

Babban kuskuren shi ne a ga kan sarki guda ɗaya ba haƙora a ce ai injin ne ya tsallake shi. Eh, na farko a duniya, Penny Black na Ingila a 1840, ba huji aka yi shi, da almakashi ake yankawa, sai 1854 aka fara fitar da masu huji. Amma na Arewacin Najeriya da aka fara a 1900 da kan Sarauniya Biktoriya, har zuwa haɗewar 1914, duk da haƙoransu kamfanin De La Rue ya buga su. To in ka ga ɗaya sumul, abin da ya fi yiwuwa wani ne ya sa reza ya aske shi, wataƙila ma yaro ne. Ɗora shi kan ɗan'uwansa mai haƙora, in ya fi shi ƙanƙanta magana ta ƙare. Masu saye ba sa yarda da irin wannan sai sun ga guda biyu a haɗe ba huji tsakaninsu, shi ya sa in Allah ya ba ka biyu a manne kada ka kuskura ka raba su, wallahi rabawar nan ita ce asarar, kuma ba ta gyaruwa.

Sai masu ƙirga haƙora daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ba haka ake yi ba. Huji nawa ne a cikin santimita 2, shi ne ma'aunin, wani Bafaranshe Jacques Legrand ya fito da tsarin a 1866. Na Arewacin Najeriya 14 ne. In gefen sama da na tsaye sun bambanta na sama ake fara faɗa. Kuma a nan ne kuɗin gaske ke ɓuya mutane ba sa dubawa: jerin kan sarkin Najeriya na Sarki Joji na shida na 1938, musamman na sule biyu da sisi da na sule biyar, an buga su da ma'auni daban-daban, hoto ɗaya launi kusan ɗaya amma farashi ba ɗaya ba. Ka nemi ɗan katin awon, in ka sauke shi daga intanet ka buga to ka gwada da rula tukuna don firinta na rage girma ba ka sani ba.

Haƙori ɗaya ya guntule ko ya cire, wannan lahani ne, rage daraja yake. Haka wanda hujin bai ɓula sosai ba takardar na maƙale a ramin, ana samunsa da yawa, ba wani abu ba ne.

Karkacewa kuma sai ta yi yawa take zama abin nema. In hujin ya ɗan taɓa bakin zanen kawai, wannan rashin daidaito ne, mai saye ma ragi zai nema. Wanda ake so shi ne hujin ya ratsa cikin hoton har ka ga wani yanki na maƙwabcinsa ya shigo.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne hujin jabu. Wasu kan ɗauki mai lalataccen gefe su yanke su sake huda shi. Sa gilashin ƙara girma ka duba bakin haƙoran: na asali da hannu aka yage shi daga cikin 'yan'uwansa, za ka ga ɗan gashin takarda a bakin kowane haƙori, na jabu kuwa bakinsa a yanke yake tas, ramukan wani ya fi wani zurfi, tazararsu ba ta yi daidai da ta ɗaya gefen ba. In kuma ƙananan ramuka ne a tsakiyar hoton da suka yi siffar haruffa, kamfanoni ne a da suke huda sunansu don kada ma'aikata su kwashe, da gangan aka yi, yana da masu tara shi amma ba kuskuren inji ba ne.

Kada ka ɓamɓare kan sarki daga ambulan mai hatimin Zungeru ko Lokoja don ka auna shi, sau da yawa ambulan ɗin gaba ɗaya ya fi shi daraja. Hantsaki mai faɗin baki ake sawa ba yatsa ba, banda salatif, kuma da damina a raba shi da leda da ɗaki mai laima don gam ɗin bayansa na narkewa ya manne, sai ka zo cirewa haƙoran su zube.

Farashin da ke kundin kan sarki na kamfanin Stanley Gibbons na mai cikakkiyar lafiya ne, a hannu ƙasa da haka ake saye. In kana ganin naka babba ne, irin na Arewacin Najeriya na fam 25 na 1904, ɗauki hotonsa gaba da baya a kan baƙar takarda don haƙoran su fito, ka nemi takardar shaida daga masana irin na Royal Philatelic Society da ke Landan kafin ka yi ciniki da kowa.