Ga ƙannena masu sauka gidan Jamusawa: a fara da takardar maigida

Duk watan Oktoba, da zarar an buɗe zangon karatu a jami'o'in Jamus, wayata ba ta hutawa. Wannan daga Kano, wancan daga Maraɗi, kowa da murnarsa wai ya samu ɗaki a gidan wasu Jamusawa masu kirki. To madalla. Nima a irin wannan gida na sauka, kuma ban yi nadama ba, don a teburin cin abincinsu Jamusancina ya zauna. Amma kuskuren da na yi shi nake gani ana ta maimaitawa, har abin ya fara ba ni haushi.

Abinci da sanyi ba za su kashe ka ba. Da daddare burodi ne mai sanyi da cuku, ka saba. Ka faɗa musu tun ranar farko ba ka cin naman alade, ba za su ji haushi ba, shagunan Turkawa kuma cike suke da naman halal. Lahadi kantuna a rufe suke, ka yi cefanenka Asabar. Shara a rarrabe ake zuba ta, robar lemo kuma kuɗi ce, yawanci santi 25 na Yuro ake mayar maka in ka kai ta kanti. Butarka ka riƙe ta, amma ka goge ƙasan banɗaki bayan alwala.

Inda ƙafata ta karye shi ne rajistar adireshi, wadda suke kira Anmeldung. Doka ta ba ka mako biyu daga ranar da ka tare ka je ofishin gari ka rubuta inda kake zaune. Tun Nuwamban 2015 kuma ba a yin ta sai da takardar da wanda ya ba ka masauki ya sa wa hannu, mai dogon sunan nan Wohnungsgeberbestätigung. Ka haddace shi kamar sunan kakanka. Da shaidar rajistar nan yawancin bankuna ke buɗe maka asusu, bayanta lambar harajinka ke zuwa a wasiƙa, da ita kake zuwa ofishin baƙi neman izinin zama kafin bizarka ta ƙare.

Ni matar gidanmu, tsohuwar malamar makaranta, har bargo biyu ta ajiye min a kan gado. Da na kawo mata takardar sai ta ce sai mijinta ya dawo. Ya dawo, ya ce mako mai zuwa. Ni kuwa ɗan Hausa, an ba ni wurin kwana an ba ni abinci, ina zan iya matsa wa dattijo sa'an mahaifina? Na yi kawaici. Ashe su ma haya suke yi, kuma ba su nemi izinin mai ginin ba kafin su saka ni, tsoro suke ji kada maganar ta fito. Mako bakwai na yi a haka. Kuɗina na nan a rufaffen asusun da aka tilasta mini buɗewa kafin biza, ina ganinsu a waya, amma ba asusun da za a turo min su. Na ci taliya da man gyaɗa har na tsane ta. Wani Bazabarme da muke sallar Juma'a tare ne ya ranta min Yuro 200 ba tare da ya tambayi ranar biya ba, shi ne kuma ya zaunar da ni ya ce kunyar nan tawa a nan ba wanda zai karanta ta a matsayin ladabi, ɗauka za su yi abin bai dame ni ba. Washegari na faɗa wa maigidan a fili cewa in ba takarda zan tashi. Cikin kwana huɗu ya kira mai ginin aka daidaita, ko fuska bai ɓata ba.

Saboda haka tun kana gida, kafin ka tura ko sisi, ka tambaya a rubuce: za a sa min hannu a takardar rajista? Gidan nasu ne ko haya? Duk wanda ya ce ɗaki akwai amma ban da Anmeldung, ka yi masa godiya ka wuce, komai arahar ɗakin. Kuɗin ajiya kuma, wato na jingina da maigida ke riƙewa har ka tashi, doka ba ta yarda ya wuce hayar wata uku ba, kuma ka karɓi rasit.

Ranar da ka tare, ka roƙa a liƙa sunanka a akwatin wasiƙa. A nan da suna ake raba wasiƙa, in babu naka a jiki sai ta koma inda ta fito. Katin bankina sau biyu yana komawa saboda wannan.

Sai maganar baƙi. Mutanenmu akwai zumunci, wallahi ina alfahari da yadda ake ɗaukar sabon zuwa a Hamburg da Bonn kamar ɗan uwa na jini. Amma ɗakin da aka ba ka a gidan mutane ba zaure ba ne. Wani yaro bara ya kwaso abokai uku ranar Sallah ba sanarwa, suka yi ta hira har sha ɗaya na dare, alhali daga ƙarfe goma ake son shiru. Da azumi ma, ka gaya musu za ka riƙa tashi sahur tsakar dare, ka haɗa abincinka tun da yamma, kada ƙarar tukunya ta tashe su. Matar gidanmu da na yi mata bayani, da kanta ta fara ajiye min dabino a kan firji.