Yadda ake shawo kan ciyawar farfajiya mai saurin tofowa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wa ciyawa askin ƙwal-ƙwal wai don a huta da yanka. Ba a hutawa. Da ganye take samun abincinta. Idan aka kwashe shi lokaci guda, saiwa takan tsaya da girma, abin da ta tara ya tafi wajen fid da sabon ganye cikin gaggawa. Filin ya yi faci-faci ja, baƙin ciyayi su samu ƙofa.

Kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. In santimita 6 kake so ta tsaya, ka yanka da zarar ta kai 9. Tsawon ganyen za ka duba, ba ranar mako ba, domin in ruwa da ɗumi suka haɗu yankan na iya zuwa duk kwana 4 ko 5. Yawancin ciyawa ta fi lafiya tsakanin santimita 6 da 8, amma mai yaɗo irin kiri-kiri tana jure 3 zuwa 5. In ta riga ta gagara, ka ɗaga injin yankan ciyawa zuwa matakinsa na sama, ka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan da tazarar kwana 3 ko 4.

Sau da yawa mai gidan ne ke ingiza ta da taki. Naitirojin, wani sinadari da ke cikin taki, shi ne ke tura ganye, don haka kada ya wuce giram 5 a kowane murabba'in mita a zubi ɗaya. Yuriya tana da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, wato giram 10 nata ya isa, a bi da ruwa nan take don kar ta ƙona ganye. Ciyawar da ke tofowa da ƙarfi kuma launinta kore shar, ba ta buƙatar ƙari ko kaɗan. Guntayen da aka yanka, in gajeru ne, ka bar su su ruɓe a wurin, taki ne. In sun yi dunƙule-dunƙule sai a kwashe da manjagara, don suna shaƙe abin da ke ƙasansu.

Ban ruwa kuwa, kimanin santimita 2.5 a mako har da ruwan sama, a raba shi biyu, da sassafe. Ajiye gwangwani a filin ka auna abin da ya taru. Yayyafin kullum saiwa yake hana shiga ƙasa.

Ka tsuguna ka duba bakin ganyen kwana ɗaya bayan yanka. In ya yi fari-fari yana zare-zare, wuƙar injin ta dakushe, yaga take yi. A wasa ta bayan aikin awa 20 zuwa 25, amma a cire wayar fulogi kafin a kai hannu. Kuma a jira raɓa ta bushe, jiƙaƙƙiyar ciyawa kwantawa take yi ta toshe ƙarƙashin injin.